Daga Paikon Kore zuwa gida: Wahalhalun motar haya da yadda za ka isa da lafiyarka

 Lokacin tafiye-tafiye ya ƙarato, makarantu za su ba da hutu, tashoshin mota za su cika maƙil da masu zuwa ganin gida. Shi ya sa a wannan makon za mu duba wahalhalun da ke tattare da doguwar tafiya a motar haya, da wuraren da ƙaramar damuwa kan rikiɗe ta zama rashin lafiya.

Mu ɗauki misalin mazaunin Paikon Kore, garin manoma da makiyaya da ke Ƙaramar Hukumar Gwagwalada a Babban Birnin Tarayya, wanda zai je Kano da iyalinsa. Zai fara neman abin hawa zuwa Gwagwalada. Daga nan ya bi ta Giri da Tungan Maje ya isa Zuba, inda babbar hanyar Kaduna da Zariya da Kano ta fara, mai tsawon kimanin kilomita 375. A shekarar 2018 aka fara aikin sake gina wannan hanya, daga baya Gwamnatin Tarayya ta soke kwangilar ɓangaren Abuja zuwa Kaduna a watan Nuwamba na 2024 ta ba wani kamfanin. Wanda kuma ya nufi kudu zai bi ta Kwali da Abaji da Koton Ƙarfe zuwa Lakwaja, hanyar da ambaliyar watan Oktoba na 2022 ta datse, matafiya suka yi kwanaki a kan titi. Ga kuma kuɗin mota da ya yi tashin gwauron zabo tun da aka cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, abin da ya sa direbobi ke ƙara cusa mutane da kaya, fasinja kuma ke haƙura da duk motar da ta fi sauƙi.

Babu ɗaya daga cikin wahalhalun nan da ke zuwa ba zato. Ka san za a jira, ka san za a matsu, ka san wani yaro zai yi amai, wani mai tallan magani zai miƙe tsaye. Abin da aka san zuwansa kuwa ana iya yi masa shiri.

"Saura mutum ɗaya"

Wahala ta farko tana farawa tun kafin a tayar da mota. Ɗan kamasho zai rantse maka saura mutum ɗaya, ka biya ka zauna, can sai ka ga wasu daga cikin waɗanda ka tarar a ciki suna zamewa ɗaya bayan ɗaya, ashe an zaunar da su ne don a nuna mota ta kusa cika. Tafiyar da aka ce ta ƙarfe 7 sai ta kai 10, rana ta buɗe, kuma kowa ya san zafin Gwagwalada, musamman a watannin Maris da Afrilu.

Ga mai ƙoshin lafiya wannan ɓacin rai ne kawai. Ga mai ciwon suga kuwa yana iya zama haɗari. Wanda ya yi allurar insulin ko ya sha ƙwayar rage suga irin su Daonil da asuba, ya fito bai karya ba da niyyar zai ci a hanya, sugansa na iya faɗuwa yana zaune a tasha. Alamomin su ne karkarwa da gumi mai sanyi da bugun zuciya da yunwa mai tsanani, sannan ruɗewa. Idan haka ta faru, a ba shi ƙwayar sukari uku ko huɗu, ko rabin kwalbar lemo mai zaƙi, a jira minti 15, idan bai dawo daidai ba a ƙara, sannan ya ci abinci. Idan ya suma kada a ɗura masa komai a baki, a kwantar da shi ta gefe a garzaya asibiti. Maganin abin tun farko shi ne kada ka sha maganin suga sai abincin yana gabanka, kuma ka riƙe dabino ko sukari a aljihu.

Ka sa a lissafinka cewa tafiyar za ta iya ninka lokacin da aka faɗa maka. Faci da shingayen bincike da tirelar da ta kife a Tafa ko Jere duk suna cin awanni. Saboda haka ka ɗauki maganin da zai ishe ka kwanakin tafiyar da ƙarin na kwana uku zuwa biyar.

Maganinka ba na but ba ne

Yaron mota zai karɓi jakarka ya danna ta a but, a ɗora buhun doya da garin rogo a kanta, ko a ɗaure ta a saman mota rana na dukanta har Kano. Idan maganinka yana ciki, ba za ka same shi lokacin da kake buƙata ba, kuma zafi zai taɓa shi. Duba jikin kwalin yawancin magunguna, za ka ga an rubuta a ajiye su a wurin da zafinsa bai wuce digiri 30 ba, wasu ma 25. But ɗin motar da ta yini a rana ya wuce haka nesa ba kusa ba.

Insulin ya fi kowane magani saurin lalacewa. Wanda ba a buɗe ba yana son sanyin firji, tsakanin digiri 2 zuwa 8. Wanda ake amfani da shi yakan jure kimanin mako huɗu a wajen firji muddin zafin bai wuce kima ba. A tafiya, a sa shi a ƙaramar kula tare da robar ruwan sanyi, amma a naɗe shi da tsumma kada ya taɓa ƙanƙara, domin insulin da ya daskare ya tashi aiki ko da ya narke. Mai asma ya riƙe abin shaƙarsa a aljihu. Mai farfaɗiya da mai shan maganin ƙanjamau ko na tarin fuka su sa ƙararrawar waya, domin irin waɗannan magunguna ba sa son tsallake lokaci. Kuma a bar kowane magani a cikin kwalinsa na asali. Hakan zai sauƙaƙa maka bayani idan jami'an NDLEA suka tsayar da mota, ya kuma taimaki likita idan wani abu ya faru.

Jiri da amai

Kusan kowace mota akwai mai neman leda. Abin da ke jawo amai a mota saɓani ne tsakanin ido da kunne. A can cikin kunne akwai wasu ƙananan bututu masu ruwa da ke gaya wa ƙwaƙwalwa jiki yana motsi. Idan kana kallon waya ko bayan kujerar gabanka, ido yana cewa a zaune kake wuri ɗaya, kunne yana cewa ana jijjiga ka. Ƙwaƙwalwa ta rikice, sai hamma da yawu da gumi da tashin zuciya su biyo baya. Abin ya fi kama yara 'yan shekara 2 zuwa 12, da masu juna biyu, da masu ciwon kai na ɓari guda.

Idan ka san halinka, je tasha da wuri ka zaɓi kujerar gaba ko ta tsakiya kusa da taga. Kujerar ƙarshe da ke kan tayoyin baya ita ta fi jijjiga. Ka riƙa kallon nesa ta gilashin gaba, ka ajiye waya, ka jingina kai. Kada ka fito da ciki wayam, kada kuma ka cika shi da abinci mai maiƙo. Tauna ɗanyar citta ko shan shayinta yana taimaka wa wasu, haka ma shinshina ɓawon lemo idan warin fetur ko turaren maƙwabci ne ke tayar maka da zuciya.

Akwai magunguna, amma kuskuren da na fi gani a wurin aiki shi ne mutane na shansu bayan amai ya fara. A lokacin ciki ya riga ya daina karɓa. Stugeron ana shansa awa biyu kafin tashi. Avomine kuma, idan tafiyar mai nisa ce, daren da za a wayi gari a tafi ake shansa, ko aƙalla awa ɗaya zuwa biyu kafin a hau mota. Dukansu suna sa barci da bushewar baki, don haka direba ba ya shansu ko kusa. Dattijon da ke fama da wahalar fitsari saboda kumburin mafitsarar maza, da mai hawan jinin ido, su nemi shawara tukuna, domin irin wannan magani na iya riƙe fitsari ko ya tsananta ciwon idon. Mai ciki ma ta tambaya kafin ta sha.

Kada a sa wa yaro barcin dole

'Yar uwa, wannan sashen naki ne. Na san nauyin da uwa ke ji idan jaririnta ya ƙi yin shiru a mota, fasinjoji na tsaki, wani na cewa a ba shi nono mana. Saboda gudun haka, iyaye mata da dama kan zo kemis daren tafiya su ce a ba su maganin da zai sa yaro barci har a isa. Yawanci Phenergan ko Piriton na ruwa suke nufi.

Don Allah kada ki yi. Tun shekarar 2004 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta sa gargaɗi mafi tsanani a kan sinadarin da ke cikin Phenergan, cewa kada a ba yaron da bai kai shekara biyu ba, saboda an samu yaran da numfashinsu ya tsaya suka rasu. Ko ga wanda ya girmi haka, sa barci da magani ba aikin uwa ba ne ita kaɗai. Wasu yaran ma maimakon barci sai maganin ya birkita su, kukan ya ninku. Wanda ya yi barcin kuma ba zai farka ya nemi nono ba, ga zafi, ga matsi, ga shi a lulluɓe cikin hijabi. Ruwan jikinsa zai yi ta raguwa ba tare da ya yi kukan da zai sanar da ke ba.

Kukan yaro a mota yawanci zafi ne ko ƙishi ko jiƙaƙƙen nafkin. Ki rage masa kaya, ki bar fuskarsa a buɗe, ki yawaita ba shi nono. Jaririn da bai kai wata shida ba nonon ya ishe shi, ba ya buƙatar ruwa ko da ana zafi. Idan kin ga maɗigarsa ta faɗa, idanunsa sun zurma, ya yi awa shida bai jiƙa nafkin ba, ko ya yi laushi ya ƙi kama nono, to maganar ta wuce a jira a isa. A tsaya a asibiti mafi kusa. Ku kuma sauran fasinjoji, a riƙa haƙuri da mai goyo, kowa da kuka ya fara.

Ƙishirwar da ake jawo wa kai

Direba ba ya son tsayawa, inda zai tsaya kuma sau da yawa babu makewayi, sai bakin daji. Namiji zai juya baya ya gama, mace kuwa sai ta yi ta neman inda za ta fake. Shi ya sa mata da yawa kan daina shan ruwa tun daren tafiya, su yini ba su sa komai a baki ba. Wannan dabara tana da tsada. Rashin ruwa na kawo ciwon kai da jiri da taurin bayan gida, riƙe fitsari na tsawon awanni kuma yana ba ƙwayoyin cuta damar yaɗuwa a mafitsara. Kwana biyu bayan tafiya sai a zo ana kukan zafin fitsari da ciwon mara. Ga mai ciki, irin wannan cuta na iya hawa zuwa ƙoda ko ta tayar da naƙuda kafin lokaci. Ga mai sikila kuwa, wadda ake haifar jarirai kimanin 150,000 da ita duk shekara a Najeriya, ƙarancin ruwa da zafi da gajiya su ne manyan masu tayar da ciwo.

Hanyar da ta fi ita ce a riƙa kurɓar ruwa kaɗan-kaɗan a tsawon tafiyar, maimakon a shanye leda biyu a lokaci guda. A rage shayi da kofi da lemon ƙara kuzari, domin suna ƙara yawan fitsari. Duk inda aka tsaya, ko don sallah ko don shan mai, a sauka a kewaya ko da ba a matsu ba. A riƙe buta ko robar ruwa da ɗan sabulu da babban zane, mata biyu su raka juna. Kafin mota ta bar tasha, fasinjoji su yi magana da direba da murya ɗaya a kan inda za a tsaya. Magidanci, idan da iyalinka kake tafe, kai ne za ka yi wannan magana, kada ka bar ta da kunyar faɗa.

Masu shan maganin da ke sa fitsari, kamar Lasix, suna da tasu matsalar. Yakan fara aiki cikin awa ɗaya, ya ɗauki kimanin awa shida. Da yawa sukan bar shi gaba ɗaya ranar tafiya, har su haɗa da sauran magungunan hawan jini. Kada ka yanke wannan hukunci kai kaɗai. Tambayi likitanka ko mai harhaɗa magunguna tun ana saura kwanaki. Sau da yawa ana iya matsar da lokacin shansa zuwa bayan an sauka, amma mai ciwon zuciya da ƙafafunsa ke kumbura ba a yi masa haka sai da izinin likita. Sauran magungunan hawan jini kuwa a sha su a kan lokacinsu.

Matsi da kumburin ƙafa

Kujerar mutum uku an zaunar da huɗu, an tura buhu a ƙarƙashin ƙafarka, an ɗora maka jakar wani a cinya. Ciwon baya da sagewar ƙafa kowa ya san su, kuma sukan wuce. Abin da ba a cika sani ba shi ne jini na iya daskarewa a jijiyar ƙafa idan an daɗe ba a motsa ba. Binciken da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2007 ya nuna cewa haɗarin yakan ninka bayan zaman awa huɗu ko fiye, a jirgin sama ne ko jirgin ƙasa ko mota. Duk da haka abin ba shi da yawa, kimanin mutum 1 ne cikin 6,000. Amma wasu sun fi wasu kusa da shi: mai ciki, da mai jegon da ba ta wuce mako shida ba, da mai shan ƙwayar tazarar haihuwa mai ɗauke da sinadarin estirojin, da wanda aka yi wa tiyata kwanan nan, da mai ciwon daji, da mai ƙiba sosai, da wanda abin ya taɓa samunsa.

Rigakafin ba ya cin ko sisi. Ka riƙa ɗaga dunduniya kana saukewa, kana juya idon sawu, kamar sau goma duk rabin awa. Ka ƙi yarda a cushe maka wurin ajiye ƙafa. Idan an tsaya ka sauka ka taka. Kumburin ƙafafu biyu da ya sace bayan an kwana ba abin tsoro ba ne. Wanda ake gudu shi ne ƙafa ɗaya ta kumbura, sha-raɓa ya yi zafi da ciwo, ko da bayan kwanaki ne da sauka. Kada a murza, kada a kai wa mai ɗori, domin gudan jinin na iya ɓallewa ya tafi huhu. Idan aka ji ciwon ƙirji ko numfashi ya yi wuya farat ɗaya, a tafi sashen gaggawa nan take. Mutanen Paikon Kore da kewaye suna da Asibitin Koyarwa na Jami'ar Abuja a Gwagwalada.

Abincin bakin hanya

Da mota ta rage gudu za a kewaye ta da tsire da awara da dafaffen ƙwai da yankakkiyar kankana. Masu sayarwa neman halak suke yi, kuma ba duka abincin ne ke da matsala ba. Ƙa'idar ita ce, ci abin da aka sauke daga wuta a gabanka, ko abin da za ka ɓare da hannunka, kamar ayaba da lemo da gyaɗa mai ɓawo. Dafaffen abincin da ya wuce awa biyu a buɗe cikin zafi ƙwayoyin cuta sun fara taruwa a cikinsa. Ka guji 'ya'yan itacen da aka yanka aka yayyafa wa ruwa, da ƙwan da ya tsage, da fura ko zoɓon da ba ka san ruwan da aka dama su da shi ba. A shekarar 2021 kaɗai, Hukumar NCDC ta ƙirga sama da mutum 100,000 da ake zargin sun kamu da kwalara, sama da 3,000 suka rasu, kuma jihohin Arewa ne abin ya fi shafa. Ka kuma yi hattara da abinci ko lemon da baƙo ya miƙo maka a mota, don ɓarayi na amfani da wannan hanya su sa mutum barci.

Idan gudawa ta kama wani, ruwan da ke fita shi ne abin tsoro. A narka fakiti ɗaya na ORS a ruwa mai tsabta gwargwadon yadda aka rubuta a jikinsa, yawanci lita ɗaya, wato ledar fiya wata biyu. Idan babu, a sa ƙaramin cokali shida na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri a lita ɗaya. Yaro a haɗa masa da ƙwayar zink na kwana 10 zuwa 14. Haɗiye Flagyl da kafso ja da rawaya da zarar ciki ya murɗa ba magani ba ne, yawancin gudawa ba ta buƙatarsu. Imodium na iya taimaka wa babba ya kai inda za shi, amma ba a ba ƙananan yara, ba a kuma shansa idan akwai jini a bayan gida ko zazzaɓi.

Likitan cikin mota

Shi ma ka san zai zo. Zai fara da addu'ar Allah Ya kai mu lafiya, ya ba da dariya, sannan ya zaro ƙwayar da ke maganin taifod da basir da sanyi da ciwon gaɓoɓi da raunin maza duk a lokaci guda. Kafin a kai Madalla rabin mota ta saya.

Dokar hana jabun magunguna ta 1999 ta ambaci tashar mota da kasuwa da bakin titi da cikin bas a jerin wuraren da aka haramta sayar da magani, kuma Hukumar NAFDAC ta sha yin gargaɗi a kai. Dalilin a fili yake. Maganin da ke yawo a jaka cikin rana kullum ya rasa ƙarfinsa ko da na gaske ne. Haɗin ƙwayoyin da ake ƙullawa a leda na ciwon jiki kuwa sau da yawa magungunan kashe zafi ne iri biyu ko uku masu aiki ɗaya, waɗanda idan suka haɗu sukan ƙwaƙule ciki har ya yi jini, su kuma raunana ƙoda. Wani lokaci akwai ƙwayar sitiroyid a ciki, wadda ke tayar da suga da hawan jini. Za ka ji daɗin jikinka a ranar, shi ya sa ake komawa. Mai tallan kuma ya sauka a tasha ta gaba, ba za ka sake ganinsa ba balle ka tambaye shi abin da ya ba ka. Idan kanka na ciwo, farasitamol ɗin da ka saya a kemis mai rajista ya wadatar, ƙwaya biyu ga babba, kada a wuce ƙwaya takwas a yini da kwana.

Iskar da ake rabawa

Lokacin hunturu kowa na son a rufe gilashi, mutum 18 su yi ta shaƙar numfashin juna. Ta haka mura da ƙyanda da mashaƙo da tarin fuka ke samun hanya. A bar taga biyu a ɗan buɗe. Mai tari ya sa takunkumi, wanda tarinsa ya kai mako biyu kuma ya je a gwada shi, gwaji da maganin tarin fuka kyauta ne a asibitocin gwamnati. Idan kuma ka lura mutanen kujerun baya duk sun fara ciwon kai da jiri da gyangyaɗi a lokaci guda, ka zargi hayaƙin salansa da ke shigowa ta ƙasan tsohuwar mota ko ta but ɗin da aka bari a buɗe saboda kaya. Gubar da ke cikinsa ba ta da wari, kuma tana kisa. A buɗe tagogi, a tsaya, kowa ya fita ya sha iska. Motar da aka sa jarkar fetur a cikinta tare da mutane kuwa, gara ka jira ta gaba.

Wanda ke riƙe da sitiyari

Duk abin da muka lissafa bai kai wannan ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce haɗarin mota na kashe kimanin mutum miliyan 1.19 duk shekara a duniya. Direbobinmu da yawa mutanen kirki ne masu neman abincin iyali, amma tsadar mai da kuɗin da mai mota ke jira kan sa wasu su yi sawu biyu ba barci, su nemi abin da zai riƙe su. Binciken shan ƙwaya na ƙasa da aka yi a 2018 tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi ya gano mutum miliyan 14.3 na ta'ammali da su a Najeriya, miliyan 4.6 daga ciki kuma irin su tiramol da kodin suke sha. Tiramol ba ya maye gurbin barci. Yana rage saurin yanke shawara, kuma idan ya yi yawa yana sa farfaɗiya, ko da mutum na kan tuƙi.

Dubi direbanka kafin ka biya. Idan idanunsa sun kada, maganarsa na sarƙewa, ko yana ta kurɓar wani abu daga ƙaramar kwalba, ka sauka, asarar kuɗin mota ta fi sauƙi. A hanya, idan yana gudun wuce sa'a, ko yana waya, ko mota na karkata tana dawowa, ku yi magana tare cikin ladabi, kada ku bar mutum ɗaya a ce ya cika tsoro. Kada kuma ku zama masu zuga shi ya yi sauri, Hausawa sun ce sauri ya haifi nawa. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988, tana da lambar kira kyauta, 122. Inda akwai bel a ɗaura. Takardar sunayen fasinjoji da ake miƙowa a tasha kuma a cike ta da sunan gaskiya da lambar ɗan uwan da zai ɗauki waya, domin ita ce ake dubawa idan mutum ba ya iya magana.

Ƙaramar jakar hannu

Ga abin da ya kamata ya kasance a cinyarka, ba a but ba: magungunanka na kullum a kwalayensu da ƙarin na 'yan kwanaki, farasitamol, fakitin ORS biyu ko uku da zink idan da yara, maganin amai ga mai buƙata, ruwa, dabino ko biskit, leda, sabulu, takunkumi, da wata 'yar takarda da ka rubuta ciwon da kake da shi da magungunan da kake sha da wanda jikinka ba ya so da lambar wanda za a kira. Mai ciki ta haɗa da katin awonta, idan kuma cikin ya shiga wata tara ko an taɓa ce mata yana da matsala, ta ji ta bakin ma'aikatan asibiti kafin ta hau mota.

Ba mu da iko a kan ramukan hanya ko halin ɗan kamasho, amma wannan jaka da ɗan shirin daren tafiya suna hannunmu. Allah Ya kai kowa gida lafiya, Ya dawo da mu lafiya. Masu tambaya a kan wani magani da suke sha su ci gaba da aiko da saƙo ta hannun edita. Sai mun haɗu a mako mai zuwa, da yardar Allah.